Sekula da Gurguzu a Tsarin Mulki: Ina Matsayinmu Mu Mazauna Sabo?

 

Shugabannin ƙungiya sun ɗora mana nauyin yin bayani a kan wasu kalmomi guda biyu da ake ta ja-in-ja a kansu a ƙasar nan tun kafin a haifi da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a wurin nan. Ta farko ita ce wadda 'yan boko ke kira sekula, wato raba gwamnati da addini. Ta biyu kuwa gurguzu, wato gwamnati ta riƙe manyan hanyoyin arziki don amfanin kowa da kowa. Tambayar ita ce, shin ya kamata a rubuta su cikin tsarin mulkin ƙasa, ko kuwa a bar su a waje?

Mun san wani zai ce a ransa, mu da muka baro gida muka zo Kurmi neman abinci, me ya haɗa mu da gardamar lauyoyi da malaman jami'a? To, abin da ya haɗa mu shi ne, duk lokacin da gardamar ta yi zafi ta bar takarda ta sauko titi, kanmu take faɗowa. A watan Fabrairun 2000 aka yi rikici a Kaduna kan batun Shari'a, kafin wata ya ƙare an bi 'yan'uwanmu a Aba da wasu garuruwan Gabas an kashe na kashewa, an ƙone dukiya. A Fabrairun 2006 aka yi tarzoma a Maiduguri, sai ramuwa ta faɗa kan Hausawan Anacha. Waɗanda suka hau mumbari da waɗanda suka rubuta a jarida suna gidajensu lafiya lau, mai tallan albasa da mai wankin takalmi su suka biya. Saboda haka idan akwai masu haƙƙin su san abin da ake gardama a kai, to mu ne kan gaba.

Bari mu fara da ita kalmar sekula, domin rabin rigimar daga fassara ta taso. Idan aka ce wa Bahaushe ƙasa “ba ruwanta da addini”, abin da kunnensa ke ji shi ne ƙasar da ta juya wa Allah baya. Malamanmu masu karatun Larabci suna kiran abin ilmaniyya, kuma sun daɗe suna wa'azi a kansa. Amma ƙasashen da ke amfani da kalmar ba abu ɗaya suke nufi da ita ba. A Faransa ma'anarta a kori addini daga duk inda hannun gwamnati yake, shi ya sa a 2004 suka yi dokar hana ɗalibai sa hijabi da sauran manyan alamomin addini a makarantun gwamnati. A Amurka ma'anarta gwamnati ba za ta kafa coci nata ba, ba kuma za ta hana kowa ibada ba, amma ga sunan Allah nan a kan takardar kuɗinsu. A Indiya kuwa cewa suke gwamnati za ta yi hulɗa da dukkan addinai ba tare da fifita wani ba. Kun ga ashe mutum biyu na iya kwana suna musu, wannan yana zagin irin ta Faransa, wancan yana yabon irin ta Indiya, kowa yana zaton ɗan'uwansa ne kurma.

Haka ita ma gurguzu. Da wannan kalma ɗaya muke kiran mulkin tsohuwar Tarayyar Sobiyet, inda aka rufe masallatai da coci-coci, da ita kuma abokan hamayya suka riƙa jifan Malam Aminu Kano, mutumin da ya yi tafsiri, wanda iyakar kiransa a daina danne talaka.

Yanzu sai mu koma tarihi. A watan Oktoban 1975 Janar Murtala Muhammed ya ƙaddamar da kwamitin rubuta daftarin tsarin mulki a ƙarƙashin babban lauya Rotimi Williams. Mutum 50 aka naɗa, Cif Awolowo ya ƙi karɓa, suka zama 49. Tun a ranar Murtala ya gargaɗe su kada su ɗaure ƙasar da wata aƙida ɗaya ta siyasa. Duk da haka aka yi gardama mai tsanani a cikin kwamitin da wajensa, shin jari-hujja za a bi, ko gurguzu, ko haɗin gambiza. Mutum biyu suka ƙi sa hannu a rahoton masu rinjaye, suka rubuta nasu daban: Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello, da Dokta Segun Osoba, malamin tarihi a Jami'ar Ife. Ba Osoban da ya yi gwamnan Ogun ba fa, suna ne ya zo ɗaya. Su biyun suka ce ilimi da magani da aikin yi su zama haƙƙin da talaka zai iya kai gwamnati ƙara a kansa, kuma a toshe wa masu mulki hanyar tara dukiya. Gwamnatin soja ta ajiye rahotonsu gefe, sai bayan fiye da shekara arba'in aka buga shi littafi, shi Bala Usman ma ya riga mu gidan gaskiya tun 2005.

Da daftarin ya je gaban majalisar da ta zauna a Ikko daga 1977 zuwa 1978, ƙarƙashin Mai Shari'a Udo Udoma, sai batun gurguzu ya koma baya, batun addini ya cinye komai. Daftarin ya tanadi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Tarayya, wadda za ta riƙa sauraron ƙararrakin aure da gado da makamantansu da suka taso daga jihohi. Wakilai Kiristoci, musamman na Tsakiyar Nijeriya da Kudu, suka ce wannan ya saɓa wa ƙasar da ba ta da addinin gwamnati. Wakilai Musulmi suka ce ai kotunan da Turawa suka bari ma daga al'adar Kirista suka fito, kuma Musulmi kaɗai kotun za ta shafa. A watan Afrilun 1978 wakilai fiye da 80 suka fice daga zauren, cikinsu har da Alhaji Shehu Shagari, sai da Janar Obasanjo ya sa baki kafin su koma. Abin da aka tsaya a kai shi ne ba za a yi kotun tarayya ba, amma duk jihar da take so tana iya kafa tata, sannan a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya a sa alƙalai aƙalla uku masana shari'ar Musulunci. Wannan sulhu shi ake kai har yau.

Bayan shekara goma aka sake komawa gidan jiya. A farkon 1986 labari ya fito cewa Nijeriya ta zama cikakkiyar wakiliya a ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, ƙasa ta ɗauki zafi. A 1988 wata majalisar ta zauna a Abuja, aka sake sarƙewa kan Shari'a, har gwamnatin Babangida ta aiko Augustus Aikhomu ya ce musu an karɓe wannan batu daga hannunsu, kada wanda ya ƙara taɓa shi. Sai kuma 1999, lokacin da Gwamna Ahmed Sani na Zamfara ya ƙaddamar da Shari'a har da hukuncin laifuffuka, jihohin da suka bi wannan hanya suka kai goma sha biyu.

To me tsarin mulkin 1999, wanda ake aiki da shi, ya ce? Jama'a, ku riƙe wannan da kyau, domin ko cikin 'yan boko da yawa ba su karanta ba. Kalmar sekula ba ta cikinsa ko sau ɗaya. Gabatarwarsa ma cewa ta yi Nijeriya ƙasa ɗaya ce a ƙarƙashin Allah. Abin da ke akwai shi ne sashe na 10, layi ɗaya tak, wanda ya hana Gwamnatin Tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini ya zama addinin gwamnati. Daga wannan layi ɗaya kowa ke jan zarensa. Ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta ce ai wannan shi ne sekula ko ba a ambaci sunan ba. Majalisar Ƙoli ta Addinin Musulunci ta ce a'a, ƙasa ce mai addinai da yawa, tunda tsarin mulkin da kansa ya ambaci kotunan Shari'a a sashe na 275 da wasu wurare.

Idan muka dubi abin da gwamnati ke yi a aikace, a ganinmu maganar ta biyu ta fi kusa da gaskiya. Akwai hukumar alhazai ta ƙasa, akwai ta masu ziyarar Kirista. Ana hutun Sallah da Mauludi, ana hutun Kirsimeti da Ista. Ranar Lahadi ofisoshi a rufe suke. Ana rantsar da masu mulki da Alƙur'ani ko Baibul. A 2024 kaɗai Gwamnatin Tarayya ta ba da tallafin Naira biliyan 90 ga aikin hajji, kuma akwai malamanmu da suka ce da asibiti aka gina da kuɗin da ya fi, tunda hajji ga mai iko ne. Har rubutun ajami da ke jikin Naira sai da aka kai ƙara kotu a Ikko, wai Larabci ne kuma ya saɓa wa sashe na 10, alhali Hausa ce tsantsa, “Naira dubu” aka rubuta don kakanninmu da ba su yi boko ba su gane kuɗinsu. Kotu ta kori ƙarar a 2024. Amma tun 2007 an riga an cire ajamin daga ƙananan takardu.

Mu dawo kan gurguzu, domin ita ce aka fi mantawa, ita ce kuwa ta fi taɓa tukunya. A Janairun 1986 Babangida ya kafa kwamitin mutum 17 ƙarƙashin Dokta Samuel Cookey, ya ce su zaga ƙasa su ji irin mulkin da jama'a ke so. Suka zaga, suka kawo rahoto a 1987, suka ba da shawarar a ɗauki gurguzu. Gwamnati ta ce ba za ta ɗora wa jama'a wata aƙida ba. Abin dariya, a daidai wannan lokaci tana cikin aiwatar da shirin SAP, an karya darajar Naira, kuma a 1988 aka yi dokar sayar da kamfanonin gwamnati. Wato aƙidar da aka ce ba za a ɗora ba an ɗora ta, sai dai ba wadda kwamitin ya kawo ba. Daga nan aka yi ta sayarwa, har wutar lantarki ta koma hannun 'yan kasuwa a 2013, sannan ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024. 'Yan gwari da 'yan shanu da ke nan ba sai mun gaya muku nawa kuɗin mota ya koma daga Arewa zuwa nan ba.

Amma kada ku ɗauka masu ra'ayin gurguzu sun tashi a tutar babu. An ba su Babi na Biyu na tsarin mulki, wanda ke lissafa manufofin da gwamnati za ta sa a gaba. In kuka ji abin da ke ciki sai ku ce 'yan NEPU ne suka rubuta shi. Sashe na 14 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 16 ya ce kada a tafiyar da tattalin arziki ta yadda dukiya za ta taru a hannun 'yan tsiraru, kuma a samar wa kowa muhalli da abinci da albashin da zai riƙe shi da kulawa in ya tsufa. Sashe na 18 ya yi alkawarin ilimi kyauta, amma da sharaɗin in hali ya yi. Sai kuma aka koma can sashe na 6 aka rubuta cewa kotu ba ta da ikon tambayar gwamnati ko ta cika waɗannan alkawura. An ba ka rumbu cike da hatsi, an riƙe makulli. Tun 1981 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da haka, a shari'ar da Akbishop Okogie ya yi da gwamnatin Jakande ta Ikko kan makarantu masu zaman kansu. Hanya ɗaya da ta rage ita ce majalisa ta ɗauki wani alkawari ta mai da shi doka, kamar yadda aka yi wa ilimin firamare da ƙaramar sakandare a dokar UBE ta 2004.

A nan akwai abin da ya kamata mu yi tunani a kai. Abubuwan alherin da talaka ya gani da idonsa a ƙasar nan, ba daga wata kalma a tsarin mulki suka zo ba, daga mutanen da suka ci zaɓe da niyyar yi suka zo. Awolowo ya fara ilimin firamare kyauta a Jihar Yamma a 1955, da yawa cikin 'ya'yan Sabo da suka shiga boko a lokacin ta nan suka shiga. Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke haraji da jangali da suka hau mulki a 1979 ƙarƙashin PRP, alhali tsarin mulkin lokacin bai ce gurguzu ba.

Shi wannan Babi na Biyu daga Indiya aka aro salonsa, don haka ya kamata mu leƙa can, tunda ba fina-finai kaɗai suka iya ba. Su ma da suna rubuta nasu tsarin mulkin a 1948, wani wakili mai suna K. T. Shah ya nemi a rubuta cewa Indiya ƙasa ce ta sekula da gurguzu. Ambedkar, shugaban masu rubutun, ya ƙi, ya ce irin tsarin arzikin da za a bi mutanen kowane zamani ne za su zaɓa wa kansu. Sai a 1976, bayan Indira Gandhi ta sa dokar ta-ɓaci ta kulle 'yan adawa, aka yi gyara na 42 aka shigar da kalmomin biyu cikin gabatarwa. Gwamnatin da ta gaje ta ta warware abubuwa da yawa na wancan gyara a 1978, amma ta bar kalmomin. Masu ra'ayin kishin Hindu sun daɗe suna neman a cire su, suka kai ƙara, Kotun Ƙolin Indiya ta kori ƙarar a Nuwamban 2024. A Yunin 2025 babban sakataren ƙungiyar RSS, wadda ita ce uwar jam'iyyar BJP, ya sake kiran a duba batun.

Su wa kuke tsammani suka fi riƙe kalmar sekula da hannu biyu a Indiya? Musulmi ne, domin su ne marasa rinjaye, kashi 14 cikin ɗari a ƙidayar 2011. A maƙwabciyarsu Bangaladash kuwa, inda Musulmi ke da rinjaye, an sa kalmar a 1972, an cire ta a 1977, an mayar da ita a 2011, kuma a can Hindu ne ke fargabar a cire. Wato mai rinjaye a ko'ina gani yake kalmar takura ce, marar rinjaye kuma gani yake garkuwa ce.

Sai dai ita garkuwar ma ba kullum take tare kibiya ba. Kalmar tana nan a rubuce aka rushe Masallacin Babri a Disamban 1992. Kalmar gurguzu tana nan a rubuce Indiya ta buɗe kasuwarta ga 'yan jari-hujja a 1991. Ga kuma wani abin mamaki da ya faru cikin shekara ɗaya. A 2022 jihar Karnataka ta Indiya ta hana hijabi a makarantu, babbar kotun jihar ta goyi bayanta, da aka je Kotun Ƙoli alƙalai biyu suka rabu, ɗaya nan ɗaya can. A watan Yunin wannan shekara ta 2022 Kotun Ƙolin Nijeriya, da alƙalai biyar cikin bakwai, ta ce ɗalibai mata Musulmi suna da 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Jihar Ikko. Ba da kalmar sekula aka ci wannan shari'a ba, ba kuma da cewa Nijeriya ƙasar Musulunci ce ba. Da sashe na 38 aka ci ta, wanda ya ba kowane mutum 'yancin addininsa da bayyana shi, da sashe na 42 da ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addini ko ƙabila ko inda ya fito. Su waɗannan sassa suna Babi na Huɗu, wanda kotu ke da iko a kansa.

To mu ina muka tsaya? Iyayenmu, ku yi mana haƙuri, za mu faɗi wata magana mai ɗan ɗaci. Mu mazauna Kudu baki biyu gare mu a kan wannan batu. Idan muka je gida hutun Sallah, muna cikin masu cewa sashe na 10 ƙulli ne da aka yi wa Musulunci. Idan muka dawo nan, aka ce za a hana kiran salla da lasifika, ko aka ce kowa ya shige ɗaka saboda Oro zai fito, sai mu ce ina gwamnati, ai ƙasar nan ba ta addinin kowa ba ce. Mutanen Shagamu ba su manta da Yulin 1999 ba, lokacin da rikici ya tashi kan dokar hana fita ta Oro, aka yi asarar rayuka masu yawa, ramuwa kuma ta faɗa kan Yarabawan Kano. A irin wannan rana abin da ke kare mu shi ne a ce dokar ƙasa ta fi ta kowane gunki, kuma addinin masu gari bai hau kan baƙo ba. 'Yan'uwanmu na Inugu da Anacha da Fatakwal sun fi mu sanin wannan, domin mu nan ƙasar Yarabawa muna da maƙwabta Musulmi miliyoyi, su kuwa filin masallaci ko na maƙabarta ma sai an sha fama.

Kuma adalci ya sa mu faɗi ɗaya gefen. Abin da muke nema a nan, shi Ibo da Bayarabe Kirista ke nema a Sabon Garin Kano da Gusau da Katsina: filin coci da takardarsa, malamin addininsa a makarantar gwamnati, da kada a ɗora masa hukuncin da ba na addininsa ba. Duk ranar da aka hana shi can, ana rubuta mana bashi ne a nan. Don haka idan muka je gida, mu da muka ɗanɗana zaman baƙunci mu ya kamata a ji bakinmu wajen kare baƙon can, ko da 'yan'uwa za su ce mun zama 'yan Kurmi.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, masu fakewa da sekula don su hana Musulmi abin da doka ta ba shi su ma ba su da gaskiya. Sashe na 275 bai ce Arewa kaɗai ba, cewa ya yi duk jihar da ke buƙata. Har yau babu jihar Kudu ko ɗaya da ta kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, shi ya sa Musulmin Ikko da Badun suka kafa kwamitocin sulhu masu zaman kansu tun wajen 2002, inda wanda ya ga dama ke kai batun aure ko gado. A farkon 2025 da aka nemi yin irin wannan a Ekiti da garin Oyo, hayaniya ta tashi kamar an ce za a yanke hannu, alhali raba gado ne da sasanta ma'aurata. Mu nan mun san yadda marayu ke wahala idan uba ya rasu ya bar gida a Sabo, aka kai maganar kotun al'ada da ba ta san rabon gado na Musulunci ba.

Akwai wani sashe da muka ajiye sai yanzu, domin shi ya fi shafarmu. Sashe na 15 ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken haƙƙin zama a duk inda yake a Nijeriya. Kun san inda aka ajiye shi? Cikin Babi na Biyu, cikin rumbun nan da aka riƙe makullinsa. Shi kuwa batun ɗan asalin jiha an sa shi inda yake aiki, har wajen naɗa minista a sashe na 147. Sabon Badun an kafa ta tun 1916. Akwai yara a wurin nan da kakan kakansu a nan aka binne shi, Yarabanci a bakinsu kamar ruwa, amma ranar neman gurbin jami'a ko aikin gwamnati ko shiga soja sai a ce su je ƙaramar hukumarsu su kawo takardar shaida. Su je Arewa, a ce ba a san gidansu ba. A 2025 Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya kawo ƙudurin da zai ba wanda ya shekara goma a jiha matsayin ɗan jiha, aka yi masa ca daga wurare da dama, ya janye shi a watan Yulin wannan shekarar. Ba mu ji an yi wa'azi a kan wannan ba, ba mu ga an cika filin Idi saboda shi ba.

Saboda haka ra'ayinmu, kuma kowa na da ikon ya saɓa, shi ne kada mu ɓata ƙarfinmu wajen neman a rubuta sekula ko a goge sashe na 10. A bar layin nan ɗaya yadda yake, tunda kowane ɓangare na iya zama a inuwarsa. Ita ma gurguzu ba sunan muke buƙata ba. Abin nema shi ne a ɗauko wasu alkawura daga Babi na Biyu, ilimin yara da maganin farko da haƙƙin zama, a mai da su Babi na Huɗu inda alƙali zai iya ba da umarni. Masu cewa gwamnati ba ta da kuɗin cika wannan suna da hujja, domin hukuncin kotu ba ya gina aji. Amma haƙƙin zama ba ya cin ko kwabo, sa hannu kawai yake bukata.

Gyaran tsarin mulki sai ya sami kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa da ta Wakilai, da amincewar majalisun jihohi 24, kuma in za a taɓa Babi na Huɗu sai kashi huɗu cikin biyar na 'yan majalisar tarayya. Aiki ne mai nisa. Amma duk lokacin da za a yi gyara ana zaman jin ra'ayin jama'a shiyya-shiyya, kamar wanda aka yi a Ikko a Yulin 2025, kuma kowace ƙungiya na da damar miƙa takarda. Muna roƙon Sarki da shugabanni a sayi kwafin tsarin mulki a ajiye a ofishin ƙungiya, a sa 'ya'yanmu da suka karanta lauya su fassara mana sashe na 10 da 15 da 38 da 42 da 43 da Hausa, a karanta a makarantun dare. A kuma tuntuɓi Agege da Shagamu da Abekuta da Anacha, a rubuta takarda ɗaya da sa hannun sarakunan Hausawa baki ɗaya, a ajiye ta kafin zama na gaba. Masu rajistar zaɓe da har yanzu katinsu ke nuna ƙauyen da suka baro shekara ashirin, su je ofishin hukumar zaɓe su mayar da shi nan, domin ɗan majalisar jihar nan ne za a nemi ƙuri'arsa in gyaran ya iso, shi kuwa sunayen da ke cikin rajistar mazaɓarsa yake dubawa.

An ce mana bayan sallar La'asar za a ba da dama ga masu tambaya, musamman a kan takardar shaidar ƙaramar hukuma.